Ranar da Na Rage wa Malam Isiya Girma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar kasuwar Ƙanƙara labarin ya same ni. Na zo gida hutun ƙarshen zango, ina tsaye a layin 'yan hatsi ina taya mahaifiyata duba dawa, sai waya ta yi ƙara. Hajiya Binta ce, matar malamina. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Sani, sai haƙuri. Malaminka ya cika da hantsin ga." Na san yana gida a Sheme yana jinyar ciwon zuciya, na kuma san jikin ya yi nauyi, amma duk da haka sai da na zauna a kan buhun wani bawan Allah da ban sani ba. Daga nan na nufi tasha, na shiga motar Sheme, Allah ya taimake ni na riski sallar jana'iza bayan azahar.

Dokta Isiya Magaji, wanda mu ɗalibansa ba mu taɓa kira da wani suna ba sai Malam, masanin haɗa magunguna ne a jami'ar da nake koyarwa yanzu. A hannunsa na yi digirina na biyu da na uku. Tun da ya rasu an yi ta rubuce-rubuce a kansa, an kira shi gwarzo, an kira shi fitila, an kira shi abin alfaharin jiha. Na karanta su duka, kuma na san masu rubutun ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu da za ka tare su a hanya ka ce su faɗa maka aikin da mutumin ya ƙarar da rayuwarsa a kai, sai dai su yi maka tsuru-tsuru. Saboda haka bari in fara da aikin, tunda shi ne abin da kowa ya tsallake.

Matsalar maganin ciwon daji ita ce ba ya tantance mai laifi. Idan aka ɗura wa mara lafiya shi, yana kashe ƙwayoyin cutar, yana kuma kashe lafiyayyun ƙwayoyin jiki, shi ya sa gashi ke zubewa, mutum ya rame ya lalace. Malam yakan ce, "Magani bai da ido, sai ka yi mashi." Aikinsa shi ne yi wa magani ido. Yana sarrafa zinare ya zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu, waɗanda a harkar ake kira nano. Idan zinare ya kai wannan ƙanƙanta ba ya ƙyalli, sai ya zama jan ruwa kamar zoɓo. Daga nan ake shiga ainihin wahalar, wato suturta bayan kowace ƙwaya. Da farko a sa mata wata riga da za ta hana garkuwar jiki cafke ta a matsayin baƙuwa. Sannan a maƙala mata wata 'yar ƙugiya wadda ba ta kama komai sai fatar ƙwayar cutar daji. Idan an dace, sai ta ɗauki magani ta ratsa jini, ta wuce lafiyayyu ba ta taɓa su ba, ta sauke kayanta a inda aka aike ta.

A cikin farantin gwaji Malam ya dace. Na gani da idona: ƙwayoyinmu sun manne wa ƙwayoyin sankarar mama, sun ƙyale lafiyayyu. Ranar da muka fara ganin haka na yi tsalle har na buge kujera. Shi kuwa ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Zauna, Sani. Abin da ya yi a faranti bai yi a jiki ba. Kawo ruwan jini mu gani." Muka zuba ruwan jini, abu ya watse. Sinadaran da ke cikin jini suka lulluɓe ƙwayoyin, suka rufe ƙugiyar, ta daina kama komai. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Mun ɗinka ma ɗan aike riga, ya faɗa taɓo kahin ya kai." A kan wannan matsala ya shekara da shekaru, yana canja tsawon rigar, yana canja yawan ƙugiyoyin, ana samun ci gaba kaɗan kaɗan. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai gama warware ta ba, kuma bai taɓa cewa ya gama ba.

Wannan hali nasa shi ya jawo masa raini. Akwai wani babba a jami'ar, wanda yanzu ya cika shafi guda na jarida da ta'aziyya, da ya taɓa leƙowa ɗakin gwajinmu ya tsaya daga bakin ƙofa don kada warin sinadari ya kama masa babbar riga. Ya ce wa Malam ya kawo abin da za a nuna a talabijin, su sun gaji da jin "tukuna". Da bai samu ba, aka cire layinmu daga janareto aka mayar da shi gidan saukar baƙi. Ƙwayoyin da muke reno a akwatin ɗumi suka mutu kaf, aikin watanni ya bi ruwa. Malam bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba. Ya wanke farantan da hannunsa, ya ce mu sake. Ni kam ban yafe ba, kuma da na ga sunan mutumin a ƙarƙashin kalmomin "babban rashi" sai na ninke jaridar na ajiye.

A gida ma bai tsira ba. Akwai Honorabul Sale, ɗan siyasar yankinmu, mutumin da bai taɓa ganin taro ya wuce shi ba, na biki ne ko na mutuwa. Wata shekarar zaɓe ya zo har ofis da tawaga, ya ce yana so Malam ya hau mumbari a Faskari ya shaida wa jama'a cewa ɗan yankinsu ya gano maganin daji, kuma da tallafin Honorabul aka yi. Ko kwalbar gwaji ɗaya bai taɓa saya mana ba. Malam ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya ce, "Honorabul, ban gano ba. In na hwaɗi haka, akwai matar da za ta bar asibiti ta zauna jirana." Tun daga ranar Honorabul ya raɗa masa suna Dokta Zoɓo, yaransa suka yi ta yayata shi a majalisun shayi. Malam da ya ji sai ya yi dariya ya ce ai zoɓon ma yana da amfani.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma yana son yara su fahimci abu. Yana da wata 'yar kwalba ta jan ruwan nan da yake ajiyewa a gida, wadda babu magani a cikinta, zinare ne kawai da ruwa. Duk lokacin da ya zo hutu sai ya ɗauke ta ya tafi makarantun sakandaren Faskari da Sabuwa. Ya zuba kaɗan a kofi biyu, ɗaya ya sa mata riga, ɗaya ya bar ta tsirara, ya barbaɗa gishirin miya. Tsirarar ta rikiɗe ta koma shuɗiya nan take, mai rigar ta tsaya ja. Yara su yi ta ihu. Malaman makarantar su ce sihiri ne, shi kuwa ya ɗauki alli ya yi ta bayani har a kaɗa ƙararrawa. Ta wannan hanya kusan kowa a Sheme ya san akwai wata jar kwalba a ɗakin Dokta.

Sai maganar Talatu. Talatu 'yar Mati ce, maƙwabcin gonar mahaifin Malam, tana aure a wani ƙauye kusa da Damari. Ita da mijinta Ɗanjuma Kiristoci ne, daga gidajen da a da suke bin addinin gargajiya, kuma zumuncin gidansu da gidan su Malam ya girmi mu duka. Ƙullutu ya fito mata a mama, Malam ya sa aka kai ta babban asibiti, likitoci suka ce sankara ce, sai an cire maman. Ɗanjuma ya yi ƙememe ya ce ba a yanka masa mata. Malam, da ciwon zuciyarsa da komai, ya riƙa hawa babur yana bin wannan hanya mai ramuka, wadda kowa ya san ba a binta da yamma saboda halin da ake ciki, yana zuwa yana lallashi. Ɗanjuma ya taɓa ce masa, "Baba, kai da ke aikin maganin abin ga, ka ba ta naka mana." Malam ya ce, "Nawa bai nuna ba, Ɗanjuma. Ba ni ba ɗiyar Mati ɗanyen abu." Da ƙyar da jiɓin goshi ya shawo kansa, har likitoci suka sa ranar aiki. Ranar ta kusa, Malam ya rasu.

Ranar addu'ar uku aka kafa rumfa a ƙofar gidansa. Wajen hantsi muka ji jiniya, ga Honorabul Sale da jerin motoci, da masu ɗaukar hoto, da wasu 'yan bokon yankinmu waɗanda rabonsu da gaida Malam har sun manta. Suka zauna a kujerun gaba, dattawan da suka yi wasan ƙasa da mamacin aka matsar da su bakin tabarma. Bayan liman ya shafa fatiha, Honorabul ya miƙe. Ya share idon da babu komai a cikinsa, ya ce shi da Dokta tamkar Hassan da Husaini suke. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da jar kwalbar. Daga baya na ji cewa wani ɗan uwan Malam ne ya ɗauko masa ita daga ɗaki, don neman shiga.

Ya ɗaga ta sama yadda masu hoto za su samu. Ya ce, "Jama'a, wanga bawan Allah ya gano maganin daji, tawali'u ya hana shi hwaɗi. Ga shi nan. Ni na ɗau alkawari, kahin damina za mu kafa masana'anta a nan Sheme, da sunanshi a jikin kowace kwalba, kowa ya samu kyauta." Wuri ya ɗauki kabbara. Wasu tsofaffi suka fashe da kuka. Daga cikin gida mata suka fara aiko yara da kofuna, a ɗiga musu ko ɗigo ɗaya don neman tabarraki. Mutumin da ya kira Malam Dokta Zoɓo yana tsaye yana karɓar addu'a da zoɓon a hannunsa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dokar zaman makoki. Ba a musa yabon mamaci. Ko an ce marowaci ya fi kowa kyauta, sai ka ce Allah ya jiƙansa, ka bar kaza cikin gashinta. Wanda ya buɗe baki ya rage wa mamaci daraja a ƙofar gidansa, gaban 'ya'yansa, to ya sayi baƙin jinin da zai bi shi har kabari. Honorabul ya san wannan sarai, shi ya sa ya zaɓi wurin. Na sunkuyar da kai ina cizon leɓe, na ce a raina ramin ƙarya ƙurarre ne, damina za ta zo ta wuce, kowa ya ga babu masana'anta.

Ina cikin haka aka taɓa ni ta baya. Ɗanjuma ne, ya zo ta'aziyya tun safe ya rakuɓe a gefe da hularsa a hannu. Fuskarsa cike da murna, ya raɗa mini, "Malam Sani, ka ji ko? Ashe shina da shi. To mi za a yanke ma Talatu nono, tunda ga magani nan tahe? Mu jira damina." Na dube shi, na ga da gaske yake. Duk zirga-zirgar da Malam ya yi a kan babur, mutum ɗaya ya rushe ta da magana ɗaya, don a ɗauke shi hoto. Kuma na san irin ƙullutun Talatu ba ya jiran damina.

Na miƙe. Na yi sallama, na nemi izinin liman. Na ce ni ɗalibin marigayi ne, tare muka yi aikin nan, kuma ina shaida a gaban Allah cewa Malam bai gano maganin daji ba. Na ce abin da ke cikin kwalbar nan zinare ne da ruwa, na koyar da yara ne, ba ya warkar da ko ciwon kai. Na ce aikinsa na gaskiya ya yi a faranti, bai yi a jini ba tukuna, ba a taɓa gwada shi a kan ɗan Adam ba, kuma ko da komai ya tafi daidai akwai shekaru a gaba. Na ce duk wanda likita ya sa wa ranar aiki ya tafi a yi masa.

Sai hayaniya ta ɓarke. Wani baffan Malam ya nuna ni da sanda ya ce, "Kai, yaron ga ba ka da kunya? Mutum ko sanyi bai yi a kabari ba?" Honorabul ya girgiza kai irin na mai tausayi, ya ce, "Ku ƙyale shi. Hassada ce ta almajiri da malaminshi. So yake ya kai abin ga Turai ya sa sunanshi." 'Yan bokon nan da suka san gaskiyar abin da na faɗa, har da mai digiri a kimiyya a cikinsu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Su ne na fi rainawa a ranar, fiye da Honorabul. Shi aƙalla ƙarya sana'arsa ce.

Abin da ya kashe wutar daga cikin gida ya fito. Hajiya Binta tana takaba, ba ta fita, amma zauren ba shi da nisa da rumfar, ta ji komai. Ta matso bayan ƙofa ta yi magana, ba ta ɗaga murya sosai ba amma kowa ya ji. Ta ce, "Abin da Sani ya hwaɗi shi ne abin da maigidan ga ke hwaɗi kullum har ya koma ga Allah. Honorabul, a maido mani kwalbar mijina. Ɗanjuma kuma, in kana nan, amanar da ya bar maka ke nan, ka kai Talatu." Ba a musa wa mamaci, ba a kuma musa wa mai takaba a ƙofar ɗakinta. Honorabul ya miƙa kwalbar ga na kusa da shi kamar ta ƙone masa hannu, ya ce yana da wani taron a Sabuwa. Masu hoto suka bi shi, kujerun gaba suka zama wayam, dattawa suka dawo wurinsu.

Ban fita da riba a wannan rana ba, kuma ban sa ran fita da ita ba. Har yau akwai gidajen da idan na yi sallama a Sheme ake amsawa a daƙile. A Ƙanƙara ma labarin ya riga ni isa, mahaifiyata ta sha tambaya a gidajen suna, wai me malamin ɗanta ya yi masa da zai tozarta shi haka. Na ji zafin wannan ƙwarai, domin babu mutumin da na so bayan mahaifina kamar Malam. Shi ya koya mini riƙe bututun awo, shi ya tsaya mini a wurin aurena, shi ya zauna da ni a asibiti ranar da ɗana na fari ya rasu, hannunsa a kafaɗata. A ce ni ne na tsaya a ƙofar gidansa na ce bai yi abin da ake yabonsa da shi ba, wannan abu ne da zan daɗe ina jin ɗacinsa.

Masu doguwar ta'aziyya sun koma harkokinsu. Babu masana'anta a Sheme, babu ko tubali. Babban nan na jami'a ya yi alkawarin sa wa ɗakin gwajinmu sunan Malam, an kuwa kafa allon, da fenti mai kyau, amma layin janareto yana nan a gidan saukar baƙi. Mu da muka rage muna ci gaba da canja tsawon riga da yawan ƙugiya, muna zuba ruwan jini muna dubawa. Wani lokaci abin ya ɗan kama, wani lokaci ya ƙi.

Ɗanjuma ya kai Talatu a ranar da aka sa. An cire maman, an yi mata sauran maganin, ta sha wuya, gashinta ya zube ya sake tsirowa. Kwanan baya na bi ta ƙauyensu in duba ta. Na same ta a tsakar gida tana sussukar gero da hannu ɗaya, don ɗayan bai gama saki ba. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta ba ni ko ruwa ba. Da na juya zan tafi na ji tana ce wa maƙwabciyarta, ba tare da ta rage murya ba, "Shi ne wanda ya hana a ba ni maganin Baba. Da yanzu ina da nonona." Na hau babur ina share hawaye, ina kuma yi wa Allah godiya. Tana raye tana zagina, kuma da a ce Malam zai zaɓa, wannan zai zaɓa.

Ya Allah, ga bawanka Isiya ɗan Magaji ya zo gare ka. Ka san abin da ya sani da abin da bai sani ba, ka kuma san bai taɓa haɗa su ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Binta haƙuri da juriya, ka raya 'ya'yansa a kan gaskiyar ubansu, ka tsare su daga masu cin abinci da sunan matattu. Ka ƙara wa Talatu lafiya, ka ba ta tsawon kwanan da za ta ga jikokinta, ko da ba za ta taɓa yafe mini ba. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.